Guidan Roumdji ko Gidan Rumji? Tarihin neman suna cikin kundayen na'ura a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata ƙaramar dabara ta aikin kwamfuta, wato neman kalma cikin kundayen aiki ta hanyar rubuta wa na'ura umarni a layi ɗaya, sa'an nan mu nuna cewa tarihin yadda aka rubuta sunayen garuruwanmu shi ne ke iyakance abin da wannan dabara za ta iya tonowa. Mun ɗauki misalanmu daga gundumomi uku na jihar Maraɗi: Agye, Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda takardun gwamnati ke rubutawa Aguié, Gazaoua da Guidan Roumdji. Mai karatu ya riga ya hango matsalar tun daga wannan jimla.

Idan muka ce "kundin aiki", muna nufin fayil ɗin da ake ƙara wa layi ɗaya duk lokacin da wani abu ya auku, bisa jerin kwanaki, ba tare da an goge na baya ba. Na'urori kan rubuta irinsa game da kansu: wane ne ya shiga, da ƙarfe nawa, wace wasiƙa ta tafi, wace ta maƙale a hanya. A tsarin Unix, Eric Allman ne ya ƙago syslog a shekarun 1980 don wannan aiki. Amma siffar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Kumandan na zamanin Nasara yana riƙe da littafin da Faransawa ke kira journal de poste, inda yake rubuta abin da ya faru rana-rana. Littafin ƙidaya da aka dogara da shi wajen aza bodo gida-gida aka jera shi. Haka rajistar gidan likita take har gobe: kwanan wata, suna, shekaru, gari. Da zarar an juye irin waɗannan littattafai cikin na'ura sun zama kundayen aiki, kuma da makami ɗaya ake nema a cikinsu duka.

2. Asalin grep

Umarnin da ya fi shahara a wannan fage sunansa grep, kuma ya kamata masu nazarin harshe su san cewa da hannun danginsu a haihuwarsa. A 1951 masanin lissafi Stephen Kleene ya bayyana wata hanya ta siffanta jerin alamomi da ƙa'idoji uku kacal: a jera wannan bayan wancan, a zaɓi wannan ko wancan, a maimaita. An buga aikin a 1956, shekarar da Noam Chomsky ya nuna cewa nahawu mai iyakar wannan ƙarfi ba zai iya ɗaukar ginin jimlar harshen ɗan Adam ba. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun gamu da wannan muhawara ta hannun Marcel-Paul Schützenberger da kuma littafin Maurice Gross da André Lentin na 1967. Abin da aka cika mantawa shi ne, nahawun da ya gaza a kan jimla ya wadatar a kan tsarin sauti, kamar yadda C. Douglas Johnson ya nuna a 1972, Ronald Kaplan da Martin Kay kuma suka tabbatar a 1994. Abin da ya ɗauki tsarin sauti kuwa zai ɗauki ƙa'idojin rubutu. A wannan takarda za mu kira irin wannan siffantawa "zubi".

Ken Thompson ne ya mayar da zubi kayan aiki. A 1968 ya buga hanyar da na'ura za ta bi ta nemo zubi cikin rubutu, kuma ya saka neman zubi cikin ed, manhajar gyaran rubutu ta tsarin Unix da shi da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs, a Amurka, a 1969. A cikin ed akwai umarnin g/re/p, ma'anarsa: a duk faɗin fayil, nemo layin da ya dace da zubi, ka buga shi. Brian Kernighan ya ba da labarin cewa abokin aikinsu Lee McMahon ne ya so ya nazarci maƙaloli 85 da aka buga a Amurka tsakanin 1787 da 1788 da sunan aro na Publius, waɗanda mutum uku suka rubuta, ana kuma gardama a kan wanda ya rubuta 12 daga cikinsu. Rubutun ya fi ƙarfin ed, sai Thompson ya ciro sashen nema ya mayar da shi umarni mai zaman kansa, wanda ya bayyana a littafin jagoran Unix na 1973. Ke nan tambayar farko da aka yi wa grep ta masu nazarin salo ce: wane hannu ne ya rubuta wannan? Za mu ga cewa tambayar ba ta tsufa ba. Daga baya Alfred Aho ya ƙara egrep mai zubi mafi faɗi, da fgrep mai neman kalmomi da yawa a tashi ɗaya, bisa hanyar da shi da Margaret Corasick suka buga a 1975.

Akwai halaye da grep ya gado tun daga wancan lokaci. Layi-layi yake karatu, saboda haka idan Guidan ya faɗa ƙarshen layi, Roumdji kuma a farkon na gaba, sunan ya ɓace masa. Alama yake gwadawa da alama, ba ya jin furuci. Idan kuma bai sami kome ba, ba ya cewa uffan: sai ya mayar wa mutum da layin umarni fayau. Wannan shiru shi ne abin tsoro, domin shirun "babu" da shirun "an rubuta shi daban" kamarsu ɗaya.

3. Hannuwan da suka rubuta ƙasar

Hannu na farko a rubutun boko na Nasara ne. Tun farkon ƙarni na 20 sojoji da kumandan-kumandan suka shiga rubuta sunayen garuruwa yadda kunnensu ya ji daga bakin tafinta, da ƙa'idojin Faransanci. Daga Tasawa aka fara mulkin yankin, kafin a mayar da mazaunin kumandan Maraɗi a 1927. Ƙa'idojin nasu ba su da wuyar ganewa, kuma galibinsu suna da tsari. Suna rubuta ou a wurin u, kamar a Roumdji, da kuma a wurin w, kamar a Gazaoua; a Saé Saboua kuwa oua tana wakiltar uwa ne gaba ɗaya, wato sabuwa. Suna saka u bayan g idan i ko e na biye, don kada Bafaranshe ya karanta ta da wani sauti, shi ya sa gida ya koma guida. Suna rubuta dj a wurin j, tch a wurin c kamar a Tchadoua, ch a wurin sh. Haruffa masu lanƙwasa kuwa babu su sam: ɗan ya zama dan, ƙ da k suka haɗe, ɓ da b suka haɗe. Bugu da ƙari, babu wata hukuma da ta tilasta wa magatakarda bin tafarki ɗaya, saboda haka Roumdji da Roumji, Tchadoua da Tchadaoua, Maï da May, duk suna nan a rubuce.

A ƙetaren iyaka Turawan Ingila sun bi nasu kunne. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, haruffa masu lanƙwasa kuma suka shigo a shekarun 1930. Amma a taswira da takardun mulki ch na Ingilishi ya ci gaba da wakiltar c. Ke nan ch ɗaya tana nufin sh a arewacin iyaka, c a kudancinta. Wannan ba zancen tarihi kawai ba ne. A 2019, lokacin da dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Dadji Makaou, daga baya da Chadakori. Layi ɗaya na rajistar irin wannan aiki yana ɗauke da garin da mutum ya baro a rubutun Nijeriya, da garin da ya sauka a rubutun Faransanci. Dan Dadji Makaou kansa darasi ne cikakke: Ɗan Daji Makau, lanƙwasa ta faɗi, j ta zama dj, au ta zama aou.

Hannu na gaba na yaƙi da jahilci ne. Bayan taron UNESCO na Bamako a 1966, Nijar ta ɗauki rubutun Hausa da ke ninka dogon wasali, kamar yadda sunayen jaridun karkara irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii ke shaidawa. Makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa sun fara a Damagaram a 1973. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutunmu ga na Nijeriya, aka bar ninka wasali, sa'an nan dokar ma'aikatar ilimi ta watan Oktoba 1999 ta tsayar da ƙa'idojin da ake bi, har da ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Sai dai duk wannan gyara bai taɓa sunayen garuruwa na hukuma ba. Ƙidayar 1977, da ta 1988, da ta 2001, da ta 2012, da kundin sunayen garuruwa da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2014, duk a rubutun Faransanci suke. Ma'aikacin da ke cika rajista a ƙauye kuwa yana iya zama ɗan lakwal, ko wanda ya koyi boko a ajin manya, ko wanda ya yi makaranta a Katsina, kuma kowa da yadda alƙalaminsa ya saba.

4. Daga harafi zuwa lamba

Da kwamfuta ta iso, sai ta aza nata bambance-bambance a kan waɗanda ta tarar. Na'ura ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, babu é a ciki, balle ƙ. Kowane kamfani sai ya yi nasa ciko. A kwamfutocin DOS, irin waɗanda ofisoshi suka yi aiki da su a shekarun 1990 tare da dBase da Epi Info, lambar é ita ce 130. A Macintosh 142 ce. A tsarin ISO 8859-1 na 1987, da kuma Windows da ya bi sawunsa, 233 ce. A UTF-8, wanda shi dai Thompson ɗin ne ya tsara shi tare da Rob Pike a watan Satumba 1992, é bayit biyu ce, 195 da 169. Ana kuma iya rubuta ta a matsayin e tsura da alamar sama a ware, bayit uku ke nan. Saboda haka kalmar Aguié, ko da magatakarda biyar sun rubuta ta iri ɗaya a ido, tana iya zama abu biyar a wurin grep. Wanda ya taɓa ganin AguiÃ© a takardar da ta fito daga na'ura ya ga abin da ke faruwa idan aka karanta UTF-8 da idon Windows na dā. Daɗin daɗawa, grep na GNU idan yana jiran UTF-8 ya ci karo da tsohuwar lamba, sai ya ɗauki fayil ɗin a matsayin wanda ba rubutu ba, ya ƙi nuna layin, sai an tilasta masa da -a, ko an juya fayil ɗin da iconv.

Haruffanmu sun fi é shan wahala. Tun 1983 akwai tsarin ISO 6438 na haruffan Afirka, amma ɗakunan karatu aka yi wa shi, bai shiga kwamfutar ofis ba. Unicode ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ gurabe tun farkon shekarun 1990, sai dai an daɗe kafin allon bugu da nau'in haruffa su biyo baya. A tsakanin nan mutane suka yi dabara: aka ƙera nau'o'in haruffa da ke nuna ƙ a gurbin wata alama. Wasu suka aro q, x da v, tun da Hausa ba ta amfani da su, shi ya sa ake ganin qasa, xaya da varawo. Wasu kuma, musamman a Nijeriya, suka aro alamun baka, sai ƙasa ta zama }asa, ɗaya ta zama ]aya, Ɗan ya zama [an. A takarda komai ya fito daidai, muddin nau'in haruffan na nan. A cikin fayil kuwa alamar baka ce zaune. Abin takaici, waɗannan alamomi su ne grep ke amfani da su wajen gina zubi: wanda ya nemi [an zai sami ƙorafin cewa ya buɗe baka bai rufe ba, sai ya ƙara -F don na'ura ta ɗauki alamar a yadda take. Haka alamar da ke gaban y a rubutun Nijeriya, da wadda ke cikin sa'a: tana da siffa aƙalla uku a Unicode, kuma miƙaƙƙiyar cikinsu ita ce layin umarni ke ɗauka a matsayin buɗe zance.

Ajami ba mu shiga zancensa ba, ban da mu ce haruffan fa, ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warshu sai a 2016 suka sami gurabensu a Unicode.

5. Zubi a matsayin ƙa'idar sauti

Mu ɗauki mai bincike da ke da tarin fayil daga wurare daban-daban, yana son duk layin da ya ambaci Gidan Rumji. Idan ya rubuta

grep "Guidan Roumdji" *.txt

zai sami rubutu ɗaya tak daga cikin masu yawa, kuma babu abin da zai gaya masa cewa akwai saura. Idan kuwa ya mayar da abin da muka faɗa a sashe na 3 zubi, sai ya rubuta

grep -iE "gu?idan[ -]?ro?umd?ji" *.txt

Alamar tambaya na nufin harafin da ke gabanta yana iya kasancewa ko ya ɓace. Ke nan u bayan g zaɓi ne, o kafin u zaɓi ne, d kafin j zaɓi ne, tsakanin kalmomin biyu kuma ko sarari, ko karan ɗori, ko babu kome. Biyu sau uku sau biyu sau biyu: siffofi 24 a layi ɗaya, ban da manya da ƙananan baƙaƙe da -i ta haɗe. Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta ƙa'idar ganɗantawa da baka-biyu zai gane cewa aikin da ya saba ne, alamomin kawai suka sauya.

A ganinmu amfanin da ya fi girma ba a neman layukan yake ba. Yana cikin ƙirga siffofin:

grep -ohiE "gu?idan[ -]?ro?umd?ji" *.txt | sort | uniq -c

Wannan yana ciro sunan kaɗai daga kowane layi, ya jera, ya faɗi sau nawa kowace siffa ta fito. Idan aka yi haka fayil-fayil ko shekara-shekara, sai a ga lokacin da wani ofis ya bar Roumji ya koma Roumdji, ko lokacin da sabon hannu ya karɓi rajista. A kula dai: -c na grep layuka yake ƙirgawa, ba yawan fitowar kalma ba, kuma sau da yawa a nan ne lissafi ke karkacewa.

Zubi mai faɗi yana da nasa haɗari, kuma gundumominmu uku sun tara misalansa kamar da gangan. Wanda ya nemi dan da -i a rahoton Faransanci don ya tattara garuruwa irin su Dan Saga, zai kwaso dans da pendant da commandant. Maganinsa -w, mai neman kalma cikakkiya. Wanda ya nemi gazawa a rubutun Hausa zai sami garin, ya kuma sami duk inda aka ce an gaza: gazawar injin ruwa, gazawar biyan bashi. Babban baƙi yana taimakawa, amma ba a farkon jimla ba, kuma akwai wata Gazawa a arewacin Kamaru. Tibiri biyu ne a Nijar, na Gobir da ke gundumar Gidan Rumji da na jihar Dosso. Gangara ma biyu ce, ta gundumar Gazawa da ta Tanut a jihar Damagaram. A nan babu zubin da zai raba gardama. Sai an duba layukan da ke kewaye, da -C, ko shafin da ke faɗin jiha.

Akwai kuma inda ƙa'ida ke ƙarewa. Baƙaƙe suna bin tsari, wasula ba sa bi. Tessaoua da Tasawa, Gober da Gobir, Katsena da Katsina: babu ƙa'idar da za ta ce ga inda e ta Bafaranshe ke wakiltar a, ga inda take wakiltar i. Karin harshe ma yana shigowa, tun da abin da daidaitacciyar Hausa ke rubutawa da f mutumin Gobir da na Katsinar Maraɗi da h ko hw yake furta shi, tafki kuma yana fitowa tapki ko tabki. A farkon shekarun 1990 Sun Wu da Udi Manber na Jami'ar Arizona suka fitar da agrep, mai yafe kuskuren harafi ɗaya, biyu ko fiye, bisa ma'aunin da Vladimir Levenshtein ya bayyana a 1965. Yana da amfani a kan tuntuɓen ɗan yatsa, da kuma irin kuskuren na'urar karanta hoton takarda, wadda kan ga rn a wurin m. Amma daga Tessaoua zuwa Tasawa gyara huɗu ne, kuma wanda ya yafe huɗu a kalma mai harafi shida ya buɗe ƙofa ga rabin kundin. Soundex kuwa, wanda ya samo asali tun 1918, sunayen masu jin Ingilishi aka auna aka ɗinka masa. Ba ya raba c da k da s da g da j, balle ya san ƙ.

Abin da ya rage shi ne jerin sunaye da hannu ya tattara, kowane gari da dukkan siffofinsa, a ba grep shi da -f. Wannan ba aikin injiniya ba ne. Aikin wanda zai je ya ji yadda mutanen gari ke kiran garinsu ne, ya ɗauki murya, ya rubuta tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun Faransanci da na boko duk suka yi watsi da su.

6. Sunan da bai motsa ba, ƙasar da ta motsa

Ko an sami rubutu daidai, suna ɗaya ba ya nufin ƙasa ɗaya a kowace shekara. An ɓalle Agye daga Tasawa a 1972. Ƙasar Gazawa kuwa a tsofaffin takardu ƙarƙashin kanton Gangara take fitowa, kuma sai a watan Agusta 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, aka cire ta daga Agye. Ƙidayar 2001 ta ba Agye mutum kusan 277,000, ta 2012 ta ba ta kusan 246,000. Wanda ya ciro layukan biyu ya ajiye su gefe da gefe zai ce jama'a ta ragu, a yankin da kowa ya san ƙaruwa take yi; mutum kimanin 160,000 da suka "ɓace" suna layin Gazaoua. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta ta bayar.

Dalilin da ya sa muke nanata wannan shi ne yawan kundayen da yankin ya tara da kuma nauyin abin da ke cikinsu. Ayyukan raya karkara da FIDA ta ɗauki nauyi a Agye, PDRAA a shekarun 1990 da PPILDA daga 2005, sun bar bayanai gari-gari a kan gonaki da itatuwa, har Dan Saga ta yi suna a kan renon kututture da tohon da ke fitowa a gona. Yunwar 2005 ta cika rajistar cibiyoyin tamowa a jihar. A 2007 ƙungiyar MSF ta raba abinci mai gina jiki ga yara kimanin 60,000 a gundumar Gidan Rumji. Bayan kisan Toda na watan Oktoba 1991, a ƙasar Gidan Rumji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye masu rajistar gonaki da burtali. A irin waɗannan kundaye, garin da bincike ya tsallake saboda d ɗaya yana iya zama garin da rahoto zai ce ba a sami yaro mai tamowa a cikinsa ba, ko gonar da za a ce ba ta da takarda.

Akwai magani mai sauƙi da ke jan hankalin kowa: a bi fayil duka a maye gurbin siffofin da siffa ɗaya. Umarnin sed, wanda shi dai McMahon ɗin ne ya rubuta shi, zai yi wannan cikin daƙiƙa. Ba mu goyi bayan haka ba. Kundin aiki darajarsa ita ce ba a taɓa abin da aka riga aka rubuta. Ban da haka, siffar da ake ganin kuskure ce ita ce shaidar da ta rage game da wanda ya rubuta layin da lokacin da ya rubuta shi: ninkin wasali yana nuna hannun da ya koyi boko kafin 1980, lamba 130 tana nuna DOS, q a wurin ƙ tana nuna wata makaranta, Gidan ba tare da u ba yana nuna wata. Tambayar da aka fara yi wa grep ke nan. Wanda ke bukatar daidaitaccen suna sai ya ƙara shafi a kwafi, ya bar na asali yadda ya same shi.

Saura tambayar wane suna ne daidaitacce. Dokar sabunta ƙasa da aka zartar a watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan hukuma ta soma rubuta sunayen garuruwa da boko, sabuwar siffa za ta ƙaru a kan tsofaffi, ba za ta shafe su daga kundayen da suka gabata ba. Gazawa da Gidan Rumji ba su da gardama. Agye ce ke da ita. A ƙa'idar boko ba a nuna ganɗantawar g kafin e, shi ya sa muke rubuta gero amma gyara. Bisa wannan, Age ya kamata a rubuta. Mun zaɓi Agye a nan saboda dalilin da ya shafi wannan takarda kai tsaye: age a fayil na Faransanci yana cikin village da forage da barrage, kuma shi ne kan shafin shekaru a duk rajistar da aka buga ba tare da alamar sama ba. Kafin masu tsara ƙa'ida su yanke shawara, zubin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne

grep -wE "Ag(ui|iy|i|y)?[eé]" *.txt

bayan ya juya fayilolinsa zuwa UTF-8. Zai kamo Aguié, Aguie, Agié, Agyé, Agye, Agiye da Age. Kan shafin shekaru, idan da babban baƙi aka rubuta shi, zai fito sau ɗaya a kowane fayil, sai a tsallake shi da ido.